Sunan Yaya a Jan Fayil

Kawu, wa ya ce maka Yaya ya mutu? Ka ga gawa ne? Ka yi haƙuri na sa tambaya gaban gaisuwa, abin ne ya fi ƙarfin ladabina. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara wa ƙafar nan taka sauƙi. Mu nan jiki lafiya. Baba yana fita da kansa, ƙanwarka Inna kuwa sai dai a ce da sauƙi. Na rubuto ne don sau tara ina kiran wayarka tana ƙara har ta gaji.

Ka tuna wata biyar baya, da aka ci sansanin su Yaya, sojoji suka kawo akwatinsa da wata takarda? Ina gareji a ƙarƙashin mota. Ba wanda ya aika a kira ni, alhali ni kaɗai ke karatu a gidan nan, ko da a tsofaffin jaridu na koya. Kai aka kira, tunda ka yi shekara ashirin cikin kaki. Ka ce wa Baba takardar karɓar kaya ce kawai, ya dangwala yatsa kada a bar bayin Allah a tsaye. Ya dangwala, har da ba su ruwa. Ashe can ƙasanta akwai layin da ya ce iyali sun amince ya rasu.

Makon jiya wani direban soja ya zo yana dogara sanda, yana cikin waɗanda aka sako. Ya ce wata uku suna ɗaki ɗaya da Yaya a hannun abokan gaba. Ya ce ya rame, yana tari, amma shi ke ɗinke wa mutane riga da allurar da ya yi da waya. Ban yarda ba sai da ya tambaya ina Uwar Rigima. Kawu, wa ya san haka Yaya ke kiran 'yarsa in ba mu ba? Matar Yaya tana jin haka ta zauna a ƙasa.

Kwana huɗu na yi a ofishin neman fursunonin yaƙi. Dogon benci, fanka ba ta juyawa, taga ɗaya mai ƙarfe. Sajan ɗin tagar ya nuna min fayil kala biyu: shuɗi na waɗanda suka ɓace, ja na mamata, inda yatsan Baba ya kai sunan Yaya. Ya ce masu bincike da masu shiga tsakani shuɗin kawai ake ba su, ba a aika kowa neman matacce. Na ce to ga shaida, da ƙafarsa ya zo. Ya ce shaida ɗaya ba ta juya fayil, sai kwamandan Yaya ya sa hannu. Kwamandan yana ina? Ya duba, shi ma yana cikin shuɗin fayil, nemansa ake yi. Na yi dariya har aka ce in fita waje. Kwamitin da zai iya gyarawa sai wata mai zuwa zai zauna, sunayen musayar fursunoni kuwa ranar Alhamis ta sama za a rufe. Sajan ya ce in yi haƙuri, da gaske yake, na ga idonsa. Me zan yi da haƙurinsa?

Ban gaya wa Baba abin da yatsansa ya yi ba. Kullum yana tambayata ko an fara nema, ina cewa ana kai.

Ka gaida Gwaggo, da Yaya Babba da mijinta, da Auta. Inna tana gaishe ka, ita har yanzu ba ta ga laifinka ba.

Ba zagi na aiko maka ba, Kawu. Ni mai baƙin mai a hannu ba wanda zai buɗe wa ƙofa, kai kuwa har yau ana sara maka. Ka tara tsofaffin abokan aikinka, ku shiga gidan rediyo, ka faɗi da bakinka cewa ba ka karanta takardar ba ka sa Baba ya dangwala. Sannan ku kira shugaban ofishin nan ya amsa duniya tana ji, kafin Alhamis: mutumin da ke numfashi, za su neme shi ko ba za su neme shi ba?

Ɗanka,
Sarkin Gardama