Kwalbata Ta Ƙarshe Tana Ɗakin Ajiyarku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban jami'an da ke tsaron shingen bincike a hanyarmu ta bakin iyaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare ta ƙasar Bagudo, ina kuma karatun digiri na biyu. Na zo ofishinka har takalmina ya san hanya, kullum sai a ce ka fita rangadi, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya, ga abin da ke cikin kwalaben da yaranka suka tsare. Gari ne na wani sinadari, haɗin bismut da teluriyam da iskar oksijin. Aikina shi ne in gasa shi a tanderun ɗakin gwaji na jami'a, in ga yadda tsarin ƙwayoyinsa ke sauyawa idan wuta ta yi tsanani. A wani mataki yakan ƙara shan iska ya koma wani abu daban, in an ƙara wuta ya sake ta. Kowace kwalba da zafin da aka gasa ta. A ido duk gari ne mai ruwan ɗorawa, na'ura ce kaɗai ke bambance su, ita kuwa tana wata jami'a mai nisa. Can na nufa da su ranar.

Na biyu, abin da aka yi mini. An sauke ni daga mota, na nuna takardun makaranta, na yi bayani har bakina ya bushe. Ban ga laifinsu ba da suka yi zargi, aikinsu ne. Amma da suka yanke shawarar riƙe kayan, sai wani ya ce kwalabe sun cika yawa, ya ɗauko leda ɗaya ya riƙa zazzage su ciki, yadda suka saba yi da kayan kamu. Ina roƙo yana zubawa, har yana ce mini in kwantar da hankalina, ko ƙwaya ba za ta zube ba. Haba, Yallaɓai! Ko manomin Kaoje ba ya haɗa irin shinkafa kala-kala a buhu ɗaya ya ce bai yi ɓarna ba. A gabana aikin shekaru ya zama ƙura, direba na ta danna ham, fasinjoji na tsaki. Babu wanda ya san abin da na rasa sai ni.

Na uku, kuma wannan ne ya hana ni sukuni. Kwalba ɗaya ta tsira, don murfinta ya ƙi buɗuwa, aka jefa ta ɗakin ajiya. Wannan ba ni na gasa ta ba. Marigayi malamina ne, Allah Ya jiƙansa, ya gasa ta a zafi mafi tsanani, ya liƙe bakinta da hannunsa kafin ciwo ya kwantar da shi. Tanderun ya lalace bayansa, har yau ba a gyara ba. In wannan ta tafi, karatuna ya tafi.

Ka yi haƙuri in faɗa maka abin da ba na ofis ba. A duk faɗin ƙasar nan, marigayi malamina kaɗai nake yi wa maganar wannan sinadari ya gane. Abokaina malamai sun laƙaba mini "mai neman zinariya". Innata takan dube ni ta ce, "Kai wai mi kaka toyawa wanda ba a ci?" Nakan yi dariya, amma wallahi kewa nake ji. Tun rasuwarsa, in wani tunani ya zo mini game da aikin, nakan ɗauko waya, sai in tuna, in mayar da ita aljihu.

Ga roƙona. Ranar nan wani yaronka ya dangwali garin ya ɗanɗana, a faɗa masa ya je asibiti, musamman in ya ji numfashinsa na warin tafarnuwa, don abin ba na ci ba ne. A kuma koya wa jami'ai cewa abin da suka tarar a rarrabe, su bar shi a rarrabe. Ledar nan ku riƙe ta, ba ta da sauran amfani gare ni, kuma ban nemi a hukunta kowa ba. Kwalbar kawai nake so, a rufe yadda take. In sai an bincika, a haɗa ni da jami'i mu je wurin na'urar tare, ni zan ɗauki nauyin tafiyarsa.

In kuwa doka ta hana a ba ni, to don girman Allah kada a sa ƙarfi a buɗe murfin nan. Ba tsatsa ce ta riƙe shi ba, hannun malamina ne ya ɗaure shi.

Allah Ya tsare ka a bakin aikinka, Ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin kimiyya, Bagudo.