Labulen Tsakiyar Haikali

Ni, Ang Tsui-bok, masassaƙin haikali, na rubuta wannan da hankalina cikakke, duk da 'ya'yana maza sun yi iya ƙoƙarinsu su raba ni da shi. Ƙafafuna sun kumbura, romon kifi ma ya daina wucewa. Kim-hok, Tik-an, da 'yar'uwarku Siok-ki, ku saurara.

Na ɗaya. Gidan nan na Siok-ki ne. Ita ke juya ni a kan gado tun damina, alhali ku biyu kuna aiko yara su leƙo ko ɗaya yana nan kafin ɗaya ya shigo.

Na biyu. Zartunana da gizagona na Kim-hok ne, wuƙaƙen zanen fure na Tik-an. Kada wanda ya buɗe baki.

Na uku, wanda shi ne ke hana ni mutuwa cikin natsuwa: haikalin Uwar Teku, wadda garinmu ke bauta wa. Da dattawan gari suka raba aikin sabunta shi, hagu ga Kim-hok, dama ga Tik-an, aka rataya labule a tsakani, har hawaye na yi don murna. Haka aka saba tun kakanni. Kowane gwani ya ɓoye sassaƙarsa, ranar buɗewa jama'a su faɗi wanda ya fi. Ni ma haka na yi da marigayi Liau, mutumin da bai taɓa gaishe ni ba sai da zagi. Yakan ɗaga murya daga bayan labule ya ce, “Kai Ang, wannan tsuntsun naka kaza ce ko ciwon ido ke damuna?” Ni kuma in ba shi amsa daidai da shi.

Amma ku ji abin da ƙwaƙwalwarku ta kasa ɗauka. Labulen don ɓoye aikin ado aka yi shi. A furanni ake gasa, da tsuntsaye, da zakunan kan ginshiƙi. Tsayin ginshiƙi kuwa ba a gasa a kansa. Ni da Liau da sanda ɗaya muke awo, yana riƙe da bakinta ina riƙe da gindinta, muna zagin juna.

Ku fa? Siok-ki ta gaya mini Tik-an ya ƙara wa ginshiƙansa tsayi don ya kere wansa, Kim-hok ya ji labari ya ƙara nasa, yanzu hagu ya fi dama da faɗin tafin hannu. To, gungumen tsakiya da zai ɗauki rufi ɗaya ne! A kan me zai kwanta? Masunta za su shigo da turare su ɗaga kai su ga rufi a karkace bisa kan Uwar Teku, su tambayi 'ya'yan wa suka yi wannan. Raina ya ɓaci, kuma kunya nake ji tun ban mutu ba.

Na huɗu. Akwatin gawata ku biyu za ku sassaƙa. Kada ku ce mini ba aikin masu haikali ba ne, na riga ku sani. Kim-hok ya ɗauki hagu, Tik-an dama, a tsakar gidan nan, babu labule. Murfi ɗaya ne, kuma Siok-ki ce za ta ɗora shi a gaban duk wanda ya zo makoki. Tsohuwar sandar awona tana bayan ƙofa. Wanda ya ga dama ya sake ƙara tsayi.

In murfin ya zauna, ku ɗauki sandar nan ku wuce haikali da ita, ku rage abin da kuka ƙara kafin ranar ɗora gungume.

Uwar Teku ta tsare ku, ta tsare 'ya'yanku, tukunyarku kada ta huce. Ku riƙa cin abincin sabuwar shekara a tebur ɗaya, a gidan Siok-ki. Ku zagi juna in kun so, ni da Liau mun yi har tsufa. Amma kada ku bar iska tana shigo wa ubanku ta gefen murfi.