Azumin Hafsatu

Laraba da dare, Maris 2013, Alƙahira

Na dawo daga asibitin Ma'adi raina a ɓace, ko shayi na kasa sha.

Hafsatu shekararta sha huɗu, ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. Makarantarsu ce ta haɗa ni da ita don in zama tafinta, bakinta a gaban likita, bakinta ita kaɗai, ba na iyayenta ba. Jiya ta riƙe gefen mayafina ta ce, "Anti, ki faɗa musu ba azumi nake yi ba. Tsoron abinci nake ji. Na ce azumi ne don a daina matsa mini."

Yau likita tana tambayarta, Alhaji babanta yana amsawa. Ita kuwa kanta a ƙasa, don 'yar gidan mutunci ba ta magana gaban uba. Alhaji ya ce wai azumin nafila take yi, har baƙi yake ba labarinta a gidansa na Zamalek, masha Allah.

Na dubi Hafsatu, ta gyaɗa kai, sai na faɗa wa likita kamar yadda ta ce mini jiya.

Likita ta ajiye biro, ta nemi a bar ta da Hafsatu su biyu. Alhaji ya miƙe.

"Malama, kina Bahaushiya ki tona mana asiri gaban Larabawa? Khalas, shi ke nan, mun gode."

Ya ja hannun yarinyar. Ko sau ɗaya bai tambaye ta ko gaskiya na faɗa ba.

A bakin ƙofa ina ji yana ce wa direba su tsaya a sayi dabino mai kyau, magariba ta kusa, Hafsatu za ta sha ruwa.