Ƙofar da Ƙanena Yake Bukata Ranar Alhamis

Zuwa ga Mai girma Mushe, shugaban biro, wato ofishin da ke riƙe da mabuɗan ɗakunan gwamnati a garin nan.

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kuna lafiya ku da iyali, ina neman afuwa da na rubuto muku a bainar jama'a. Na yi ta sintiri a bironku har gardin bakin ƙofa ya fara tambayata lafiyar yara, amma ban samu ganinku ba.

Sunana Mahaman, maɗinki ne ni a bakin kasuwa. Ƙanena Sidi ya yi soja a wurin Faransawa, ya dawo mana da ɗingishi da shan giya. Ba abin ɓoyo ba ne, duk Agadez ta sani. Ya sha rubutu har ya gaji. Mun tura shi Tegidda aikin gishiri don ya yi nisa da kwalba, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidan ubanta, ban kuma ga laifinta ba.

Bara, bayan bikin Bianu, wani tsohon ma'aikacin asibiti ya roƙa wa Sidi da wasu masu irin larurarsa aron wani ɗakin ajiya na gwamnati da ba kowa a ciki sai jemage. Suka share shi, suka shimfiɗa tabarmi. Duk Alhamis bayan la'asar, ranar da motar Damagaram take sauke akwatunan giya a kantin bariki, sai su shiga su rufe ƙofa, su ɗora shayi, su yi ta magana har kiran magariba. Na tambayi Sidi abin da suke yi, ya ce kowa yana faɗin yadda makonsa ya wuce ne kawai. Wallahi har yau ban gane yadda shayi da surutu suka yi abin da rubutu da gishirin Tegidda suka kasa ba. Abin da na gani shi ne hannunsa ya daina rawa, har shi yake zura mini zare a allura, matarsa kuma ta dawo.

Watan jiya aka garƙama wa ɗakin kwaɗo. Tun ranar nake neman dalili, kowa da nasa.

Na farko. Gardi ya ce mini an kawo rahoton cewa wasu mutane suna rufe ƙofa, ba a san shugabansu ba, ba a san abin da suke ƙullawa ba. Na san zamanin da muke ciki, ban ce kada hukuma ta sa ido ba. Amma an bincike ɗakin, an fito da butar shayi, da murhun gawayi, da tabarmi. Shi gardin da kansa ya miƙo mini butar yana dariya. To in bincike ya wanke su, me kwaɗon yake jira?

Na biyu. Magatakardanku ya ce su kafa ƙungiya, su naɗa shugaba. Na kai musu saƙo da murnata. Suka ce a cikinsu ba wanda ya fi wani, wanda aka naɗa yau yana iya faɗuwa mako mai zuwa, in ya faɗi kuma ya ja sauran. Na koma biro da wannan amsa, sai wani ma'aikacin ya ce to su shiga ƙarƙashin asibiti ko masallaci. Likita ya ce ba shi da gadon mai lafiya. Liman ya ce su tuba su shigo sahu, alhali suna sahun, ni shaida ne. Na rasa inda aka nufa da mu.

Na uku, wanda ya fi damuna. Magatakardan ya ce ina ruwan gwamnati da masu shan shayi, inuwa ta ƙare ne a garin? Ni ma da na fito sai na ga kamar yana da gaskiya, na ba su zaurena. Mushe, ku ɗan ƙasar nan ne, kun san shayi ba shi da mai shi. Buta tana hawa wuta maƙwabcina ya yi sallama, aka ba shi wuri. Wani Buzu da ya zo karɓar rigarsa ya durƙusa. Wa zai kori mutum daga kan shayi kafin kofi na uku? Ana cikin haka sai ga surukin Sidi, uban matarsa, ya shigo gaishe ni. Sidi ya ja rawani ya rufe bakinsa, ya sunkuyar da kai, bai sake cewa uffan ba. Aka yi hirar farashin gero da ta raƙuman Ingal har magariba. Daga baya na ji cewa ɗaya daga cikinsu ya zo ranar da magana a bakinsa, yana so ya faɗa wa 'yan'uwansa kwalba tana kiransa. Bai samu faɗa ba. Daga zaurena kantin bariki ya wuce, har yanzu bai dawo cikinsu ba. A nan na gane ba inuwa suke nema ba, ƙofa suke nema wadda suruki ba zai turo ta ba.

Na huɗu. Shi kantin barikin yana da izinin hukuma, yana da ƙofa, har da labule don kada a ga na ciki. Ba wanda ya tambayi masu zama can wane ne shugabansu. Ban ce a rufe shi ba, ban isa ba. Ina tambaya ne kawai, don kaina ya ɗaure: me ya sa mai son sha ya samu sutura, mai son bari ya rasa?

Roƙona gare ku kaɗan ne. A mayar musu da ɗakin ranar Alhamis kawai, daga la'asar zuwa magariba. In shi gwamnati tana bukatarsa, a ba su wani, ko da rumbu ne, muddin yana rufuwa. In dole sai an kama wani da alhaki, ga ni, kun san inda keken ɗinkina yake, amma kada a ce in zauna ciki, don ni ma gabana Sidi ba zai yi magana ba. Gardi ya duba ɗakin kafin su shiga da bayan sun fita, su ba su ƙi ba.

Alhamis da ta wuce na bi Sidi daga nesa. Ya je ƙofar da butarsa a hannu, ya taɓa kwaɗon, ya juyo gida. Da na ba shi allura washegari sai da ya gwada ya sake gwadawa kafin zaren ya shiga. Tsoro nake ji, Mushe. Jibi Alhamis, motar Damagaram tana hanya, ƙofa ɗaya ce kuma a buɗe a garin, ta kantin bariki.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya tsare ku da zuriyarku daga ganin abin da muka gani.

Wassalam.

Mahaman maɗinki, yayan Sidi.