A Bar Zulaiha Ta Yi Wasa da Kiɗan Gogenta

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gasar Zamiya a Kan Ƙanƙara ta Yara,
Doha, Ƙatar.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da sauran 'yan kwamiti, ina neman afuwa da na fito da maganar nan bainar jama'a. Na so mu kashe ta a ofishinka, amma duk zuwan da na yi sakatarenka ne ke tare ni a bakin ƙofa, ya ce kana taro. Na rubuta da Hausa domin da ita nake iya faɗin abin da ke cin raina ba tare da na yi in'ina ba. Wani abokin aikina zai mayar maka da ita Larabci, kuma na roƙe shi kada ya sassauta ko kalma ɗaya.

Ni ne mahaifin Zulaiha, yarinyar nan 'yar shekara goma sha biyu mai wasa sanye da ɗankwali, wadda kuka hana wa kiɗanta ana saura mako guda a yi gasa. Injiniya ne ni a wani kamfanin gas, muna zaune a Mesaimeer. Kwantiragina ya ƙare, kamfanin da yake kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar nan, bai sabunta ba, ƙarshen watan nan za mu tattara mu koma Funtuwa. A Funtuwa kuwa ƙanƙara sai a kular masu sayar da zoɓo. Gasar ranar Asabar ita ce ta ƙarshe da yarinyar nan za ta shiga, wataƙila har abada. Ina roƙonka ka riƙe wannan a ranka yayin da kake karanta sauran.

Ban taɓa mafarkin zan haifi mai wannan wasa ba. Zafi ne ya koro mu cikin babban kanti wata rana, ta leƙa ƙasan bene ta ga yara suna zamewa a kan ƙanƙara, ta kafe sai ta gwada. Na ce a raina kwana biyu za ta yi ta gaji. Shekara huɗu ke nan ni ne direba, ni ne mai ɗaure igiyar takalmi, ni ne mai yawo da rigar sanyi a garin da rana ke narka kwalta. Hausawan da ke nan sun yi mini dariya har sun gaji, akwai wani maigadi ɗan garinmu da har yau Baban Ƙanƙara yake kirana. Ban damu ba, domin na ga abin da wasan ya mayar da 'yata, yarinyar da a da ko baƙo ya yi sallama sai ta ɓuya a bayan uwarta.

Ga koke-kokena.

Na farko, asalin kiɗan, domin na lura babu wanda ya tambaya. A farkon shekara malamarta, baturiyar nan da ke horar da su, ta ce kowace yarinya ta zaɓi kiɗan da za ta yi wasa da shi, da sharaɗin kada a ji waƙa a ciki. Sauran yara suka ɗauki fiyano da makamantansa daga faya-fayan da ake ta juyawa a kulob ɗin kowace shekara. Zulaiha ta ce ita goge take so, irin wanda ta ji a bikin ƙanena a gida. Uwarta ta ɓata rai, don goge ba shi da kyakkyawan suna a wurin wasu mutanenmu. Amma malamar ta saurari wani tsohon kaset da na kawo, ta ce bugun ƙwaryar da ke bin gogen ya fi duk abin da take da shi fitowa sarai, yaro zai san daidai inda zai tashi sama.

Da muka je hutu sai na tafi ƙauye wurin Baba Nomau, tsohon da ke yin goge a bukukuwan gidanmu tun ina yaro. Na yi masa bayani cewa jikarsa za ta yi rawa a kan ruwa daskararre, da takalmi mai wuƙa a ƙasa. Ya daɗe yana kallona, na san a ransa cewa yake zaman ƙasar Larabawa ya taɓa mini kai. Na nuna masa inda zai sassauta da inda zai zafafa, yadda malamar ta koya mini, na kuma jaddada masa ban da waƙa. Ya yi gunaguni, ya yarda. Ɗansa ya zauna ga ƙwarya, ni na danna rikoda.

Baba Nomau bai yi waƙa ba. Sai dai da ya ɗaga hannu daga gogen, kiɗa ya mutu, sai ya ce, Zulai 'yar Injiniya, Allah ya kiyaye ƙafa. Iyakar abin ke nan. A wurinmu, ranka ya daɗe, makaɗi ba ya yi wa mutum kiɗa ya tashi bai ambaci sunansa ba. Idan ya yi haka ya nuna bai san wanda ya yi wa ba, kuma cin fuska ne. Duk Bahaushen da ka tare ka tambaya zai ce maka wannan ba waƙa ba ce, ambato ne, kamar sallamar da mutum ke yi idan zai bar gida. Kunnena ya ji ta sau da yawa bai taɓa lissafa ta cikin abin da aka hana ba. Yanzu na fahimci a dokarku muryar mutum ce mai ɗauke da kalmomi, kuma ban zo musun wannan ba.

Na biyu, faifan nan yana ofishinku tun farkon kakar wasa. Ku kuka karɓa, ku kuka ce ya yi. A wasan nuni da kulob ya shirya wa iyaye, da shi ta yi wasa a gabanka, kana zaune a layin gaba, kuma na ga ka tafa mata da idona. Ina zaton tafin ne ma ya danne muryar tsohon. Wata da watanni babu wanda ya ce uffan. Sai makon jiya aka aiko mini da faks a wurin aiki, layi biyu, wai an gano murya a kiɗan Zulaiha, an soke shi. Da wani a cikinku ya saurari faifan har ƙarshe ranar da aka kawo shi, da a ranar za mu gyara, ba wanda zai ji kanmu.

Na uku, kuma shi ne ya fi ƙona mini rai. Ina ganin faks ɗin na nemi izini na bar aiki, na tafi Mu'aither shagon wani mai kwamfuta, ya yanke ambaton tas, bai taɓa ko bugu ɗaya na kiɗan ba. Yanke muryar Baba Nomau bai yi mini daɗi ba, amma na yi. Na kawo sabon faifan, sakatarenka ya ƙi ko taɓa shi. Ya ce lokacin karɓar kiɗa ya wuce, sabon faifai sabon kiɗa ne. Na ce masa kiɗan da kuka amince da shi ne, abin da kuka ƙi kawai aka cire. Ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ya ja aljihun tebur ya miƙo mini wani faifan fiyano, wai da shi za ta yi wasa.

To ina tambaya cikin ladabi. Faifan da na kawo, wanda ta yi watanni tana atisaye da shi, shi ne sabo, amma fiyanon da ba ta taɓa ji ba sai ranar, shi ne tsoho? Idan ƙofar karɓar kiɗa ta rufe, ta ina nasa ya shigo? Na yi masa wannan tambaya, ya ɗauki waya ya kara a kunne, alhali ban ji ta yi ƙara ba.

Na huɗu, malamarta ta shaida mini cewa a dokar wasan, hukuncin wanda aka ji murya a kiɗansa shi ne a rage masa maki, ba a ƙwace kiɗan ba. Ta faɗa wa sakataren haka a gabana, ya ce ta tsaya a kan aikinta. Ita ma baƙuwa ce a ƙasar nan kamar ni, takardun zamanta suna hannun kulob, don haka ta bar maganar, kuma ban ga laifinta ba.

Na biyar, abin da fiyanon ya yi wa 'yata. Wanda bai zauna a bakin filin nan yana kallo ba zai ɗauka kiɗa ado ne, a cire wannan a saka wancan. Ba haka ba ne. Akwai tsallen da take yi ta juya sau biyu a sama kafin ta sauka da ƙafa ɗaya. Ba da ido take auna shi ba, da kunne take. Ƙwarya na zafafa tana ƙara gudu, a kan bugu mai nauyi take tashi. A daidai wurin nan fiyanonku lallaɓawa yake yi. Jikinta na jiran bugun da ba zai zo ba, sai ta tashi a makare ko ta tashi da wuri. Ranar farko ta faɗi a kan ƙugu. Washegari ta faɗi a kan hannu, na ji ƙarar daga inda nake zaune. Likita ya ce targaɗe ne ba karaya ba, ya ɗaure, ya ce idan ta sake faɗuwa a kansa ba zai yi alƙawarin komai ba. A mota ba ta yi kuka ba, ta dai juya fuska ga taga har muka iso gida. Na fi son ta yi kukan.

Saboda haka ina roƙon ɗaya daga cikin abu biyu. Ko dai a karɓi faifan da aka gyara, wanda babu murya a cikinsa. Ko kuma a bar ta da na asalin da ke ofishinku, a rage mata makin da doka ta ce, ko da zai kai ta ta ƙarshe. Ba kofi muke nema ba, akwatunanmu ma sun cika. Ina kuma roƙon daga yanzu a sa wani ya riƙa sauraren faya-fayan yara har ƙarshe ranar da aka kawo su, don kada wani uba ya sake tsintar kansa a inda nake. Idan wani ne ya kai ƙarar kiɗan, ko wane ne, ba na riƙe da shi, doka ya bi.

Abu na ƙarshe. Bayan faɗuwa ta biyu na ce mata ta cire tsallen nan daga wasanta, ta zagaya fili lafiya ta fito. Ta ce to. Jiya malamarta ta ja ni gefe ta gaya mini cewa duk lokacin da na fita sallar la'asar sai ta gwada shi, da hannun a ɗaure. Uwarta kuma ta ce mini yarinyar ta faɗa mata ba ta shekara huɗu tana faɗuwa don ta yi bankwana da fili kamar 'yar koyo ba. Ina da ikon in kulle ta a gida ranar Asabar, na kuma yi tunanin hakan, amma ba zan iya ba. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, ban ɓoye maka ba. Na san 'yata, za ta yi tsallen nan ko da goge ko babu. Abin da ban sani ba shi ne ko a kan ƙafarta za ta sauka ko a kan hannun nan, kuma kai ne za ka faɗi faifan da za a saka.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya shirya maka zuri'a, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka zauna cikin 'yan kallo, ɗanka yana sama, kai kana runtse ido.

Wassalam.

Naka,
Mahaifin Zulaiha,
Mesaimeer, Doha.