Haƙoran Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Albishirinki, an ɗauke ni karanta labarai a talabijin. Sai dai shugaban sashenmu ya ja ni gefe, wai fitilun ɗakin labarai suna tona asirin haƙorana, sun yi ja. Tunda a asibitin haƙori kike aiki, ki aiko min da maganin da kuke sa wa mutane su yi fari. Saura kwana tara in fara.

Taki, Auta.

Auta,

Bayan gaisuwa da taya murna, ba zan aiko ba. Har yanzu ba a cike ramin nan na haƙorinki na turmi ba, dasashinki kuma yana jini. Ki zo likita ya gyara tukuna. Sannan ki yi mako biyu kina goge baki da man masu jin sanyi a haƙori. In an fara sa maganin, kaɗan ake sawa, ana tsallake kwana, ba lemon tsami, ba ƙanƙara. Da kin ji zugi sai a dakata. Kwana tara ba za su isa ba, kuma na san rawar kanki.

Allah ya tsare. Yayarki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yafe min shirun wata uku, kunya ce. Na sayo maganin a wani shagon kayan kwalliya. Takardar ta ce minti ashirin, ni kuwa nakan bar shi awa biyu, safe da yamma. Sun yi fari tas, har shugaban ya yaba.

A mako na uku, ina tsakiyar karanta labarai, iskar na'urar sanyaya ɗaki ta shiga bakina kamar an soka min allura. Na kama haɓa na kasa ci gaba, ana kallona. Washegari shugaban ya ce, "Ki huta, mun samu wata."

Yanzu ko ruwa sai na ɗumama, da tsinken roba nake sha. 'Yata ta tambaye ni me ya sa na daina yi mata dariya. Wani likita a nan ya ce saman haƙoran gaba ya cinye, ba ya tsirowa. Gaskiya ne?

Taki, Auta.

Auta,

Gaisuwa. Gaskiya ne. Amma ana iya rage zugin, ana iya rufe su. Ki taho ranar Litinin, ke da yarinyar. Na share muku ɗaki.

Sai kin iso. Yayarki.