Kujerar da Malam Sale Ya Sa wa Taya

Laraba, bayan isha'i

Yau na rama, alhamdulillahi.

Tun ran Asabar nake cike da haushin taubashina, Malam Sale kafinta. Ciwon gwiwa ya sa na ce ya sa wa kujerata taya, in riƙa tura ta inuwa. Sai ya kafa mata guda huɗu masu juyawa ta ko'ina, ba birki ko ɗaya, wai haka 'yan birni suke yi. Ya manta simintin tsakar gidana gangare ne har bakin rariya. Ina zama a gaban surukaina na Maska, kujera ta juya, ta kwashe ni da baya, ƙafa sama, ɗankwali ƙasa. Da labari ya iske shi, sai cewa ya yi, "Tsohuwa ta sayi mota ba lasin!"

Da la'asar ya shigo, wai duba ni. Na riga na kai kujerar saman gangaren, na tokare ta da dutse.

"Bismillah Malam, zauna a kan aikinka."

Na cika masa hannu biyu da ƙwaryar fura, sannan na zungure dutsen da sandata. Wayyo daɗi! Sau biyu ya juya yana salati kafin ya isa rariya, fura har cikin gemu.

"Hajiya, kashe ni za ki yi?"

"Ina lasin naka, direba?"

Ya rantse gobe zai kawo tayoyi masu birki. Na ce ya dakata sai bayan Juma'a. Hajiya Ladi maƙwabciyata ma ta yi mini dariya, kuma jibi za ta leƙo.